Wai me ake nufi da intricacy? Kwastomana ya rubuto min, na rasa yabo ne ko ƙorafi

Anti Mai Hula: Slm jama'ar gidan nan barkanmu da dare. Dan Allah masu turanci ku kawo min ɗauki. Wani bawan Allah ne a Ingila, Bature ne amma matarsa 'yar nan ce, ya sayi huluna biyu a wajena zai sa a bikin ƙanin matar, yau da yamma sai ga saƙonsa wai "I can't get over the intricacy of this work". To ni dai work ɗin na gane, sauran kuma na ɗauka cewa yake ya kasa hucewa, na kwafi intricacy ɗin na sa a manhajar fassara ta waya ta ba ni "rikitarwa". Wlh tun la'asar gabana ke faɗuwa, na ce shikenan ko zaren ya warware a hanya ko kalar ta zuba. Har na rubuta masa ban haƙuri da cewa zan rage masa kuɗi a ciniki na gaba, ban dai tura ba tukuna. Yabo ne ko ƙorafi?

Ɗan Kwari: Anti kar ki tura!! Ajiye wayar nan ki sha ruwa. Mutum na yabonki kina shirin rage masa kuɗi, ai mu a kasuwa in kwastoma ya faɗi irin wannan sai dai farashi ya hau

Sarkin Zolaya: Ni fa da farko intimacy na karanta, na ce to fa, Bature ya zo da sabon salo, a kira maigidan Anti

Anti Mai Hula: Kai dai Allah ya shirye ka, ina cikin damuwa kana wasa

Admin: Sarkin Zolaya a kiyaye. Malam yana kusa? Wannan fagensa ne.

Malamin Turanci: Wa alaikumus salam. Hajiya kwantar da hankalinki, yabo ne, yabo ma mai nauyi. Abin da mutumin yake cewa shi ne har yanzu mamakin aikin bai sake shi ba, yana ta kallon yadda aka jera ƙananan zane a cikin zane, zare ya bi ta ƙarƙashin zare, komai ya zauna inda ya dace. Shi wannan can't get over ɗin a nan ba fushi ba ne, kamar mu ce "abin ya tsaya min a rai" ko "na kasa daina kallo".

Ita kalmar intricacy suna ce, sifarta intricate. Ana faɗarta ga abin da yake da ƙananan sassa masu yawa da suka shiga cikin juna, wanda sai ka nutsu ka zura ido kafin ka ga yadda aka haɗa shi. Cikin agogon hannu, saƙar gizo-gizo, zanen lalle na amarya, aikin wuyan babbar riga. Manhajar ba ƙarya ta yi miki gaba ɗaya ba, rabin gaskiya ta ba ki, don akwai rikitarwa a ciki, amma rikitarwa ce ta mai kallo, shi mai aikin ya san inda kowane zare ya dosa.

Anti Mai Hula: Alhamdulillah! Malam Allah ya saka da alheri ya ƙara lafiya. Kai yau da na yi asara a banza. Rashin sani ya fi dare duhu wlh

'Yar Jami'a: Malam to ba sai kawai a ce sarƙaƙiya ba? Ni haka nake fassara ta kullum kuma a rediyo ma haka nake ji, sarƙaƙiyar siyasa, sarƙaƙiyar shari'a

Mai Fassara: Ƙanwata nan fa ake yin ta. Shekara da shekaru ina aikin fassarar labarai kuma na amsa laifina, mu ne muka mayar da sarƙaƙiya kamar maggi, kowace miya sai mun jefa. Complex sarƙaƙiya, complicated sarƙaƙiya, intricate sarƙaƙiya, in lokaci ya ƙure saura minti biyar a shiga labarai ba wanda zai tsaya tauna kalma. Amma ki gwada a nan ki ji, a ce wa Anti "hularki akwai sarƙaƙiya". Ai faɗuwar gaban da za ta yi sai ta fi ta ɗazu. Sarƙaƙiya a kunnen Bahaushe ƙaya ce, wannan kurmin da ke kama maka riga in ka kutsa, ka cire nan can ya riƙe. Ba a yabo da ita.

'Yar Jami'a: Amma yaya ai ita ma ta turancin asalinta cukurkuɗewa ne, lakcaranmu ya taɓa faɗa. Kenan daidai suke da sarƙaƙiya

Malamin Turanci: Lakcaranku ya yi gaskiya a kan asali. Daga Latin take, intricare, wato a cukurkuɗe abu ko a kama shi da tarko, ita kuma daga tricae, ƙananan abubuwa masu hana ruwa gudu. Tsoffin malaman Latin ma suna bayanin kalmar da gashin da ke nannaɗe ƙafar ɗan tsako ya hana shi tafiya, duk wanda ya yi kiwon kaji a tsakar gida ya san wannan, ranar da aka yi tsifa ko kitso sai ka ga ɗan tsako na ɗingishi. Intricate ta shiga turanci a ƙarni na 15, intricacy kuma wajen shekarar 1600. Daga gida ɗaya extricate ta fito, wato ka ɓamɓare kanka daga abin da ya riƙe ka, da kuma intrigue da ta bi ta Italiya da Faransa ta dawo da ma'anar ƙulle-ƙulle da makirci.

To amma 'yata asali daban, inda kalma ta yada zango daban. Shekaru ɗaruruwa sun wanke mata ƙayar. Yau in Bature ya ce zane intricate ne, galibi sha'awa yake. Tamu sarƙaƙiyar kuwa har gobe da ƙayarta.

Barista: Malam ranka ya daɗe ina da ja kaɗan. A wajenmu ba kullum take yabo ba. In muka ce the intricacies of land law ba cewa muke dokar ta yi kyau ba, gargaɗi muke yi cewa akwai lunguna. Misali mutum ya sayi fili ya biya kuɗi an rubuta takarda dagaci ya sa hannu shaidu sun sa, shi a ganinsa magana ta ƙare. Alhali Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, abin da kake riƙe da shi haƙƙin zama ne, takardar mallakar ma yawanci shekara 99 ake rubutawa, kuma in mai takardar zai sayar ko ya jinginar wa banki sai da amincewar gwamna. Mutane nawa ne suka san wannan? Irin waɗannan ne intricacies. A nan kam ni sarƙaƙiya ta yi min daidai, ban ga laifinta ba.

Malamin Turanci: Barista ban musa ba, kuma ka kawo abu mai amfani da na manta. Ku lura shi da jam'i ya faɗe ta, intricacies, sannan of ya biyo baya. Kalmar fuska biyu gare ta. In tilo ce ba jam'i, kamar yadda Baturen Hajiya ya rubuta, siffar abin ake nufi, wato yadda ya tsaru da ƙananan abubuwa. In jam'i ce kuwa, su ƙananan abubuwan ake nufi ɗaya bayan ɗaya, dokoki da sharuɗɗa da togaciya da wanda yake waje bai sani ba. Amma ko a taka ɗin Barista, ba ana cewa dokar shirme ba ce. Ana cewa tana da hanya, sai dai wanda ya sani ne ke bi.

Mai Fassara: Yawwa. Ni a irin jimlar Barista abin da nake sa wa in na samu lokaci shi ne "lungu da saƙo na dokar filaye" ko "ciki da bai ɗin dokar". Lauya ya san dokar ciki da bai. Ka ga ba ƙaya a ciki, kuma mai sauraro a ƙauye ya gane nan take

Barista: Lungu da saƙo ta yi, na karɓa. Amma in ina so in tsorata mai ƙara ya biya kuɗin aiki sarƙaƙiya zan ce masa hhhh

Ɗan Kwari: Allah ya tona asirinku yau

Baba Tela: Salamu alaikum yarana. Jikata ce ke karanto min tana rubuta min, ni ban yi boko ba. Na ji ana ta neman kalma. Mu da muka tashi a bakin allura ba mu da kalma guda, amma muna da yadda muke faɗa. In aka kawo riga aska takwas ko malum-malum aka shimfiɗa, mai ido zai duba tambarin ya duba bakin askar ya juya cikin rigar ya ga bayan ɗinkin, sai ya ce "wannan ta sha aiki", ko "aikin nan ya ci ido", ko "an zauna wa rigar nan". In kuwa aka cika ado ba tsari, zane ya hau zane, cewa muke "an yi hauka da zare" ko "an cika mata surutu". To ku tambayi Malam wanne Baturen yake nufi a ciki. Don yawan zare ba shi ne aiki ba, na ga rigar inji da aka zuba mata zare kamar me amma ko kallo na biyu ba ta isa ba.

Malamin Turanci: Baba Allah ya ƙara girma, ai ka gama maganar. "Ta sha aiki" da "ya ci ido" su ne intricate. Na biyun kuwa, wanda aka cika wa surutu, Bature zai ce fussy ko busy ko overdone. Hajiya in kina son fassarar saƙon da Hausar da za ta zauna, ga ta: "Har yanzu ina mamakin irin aikin da hular nan ta sha."

Anti Mai Hula: Allah sarki Baba na gode. Wlh kuwa ta sha, ɗayar bangwal ce yarinyar da ta ɗinka ta fi wata guda a kanta, kullum bayan ta dawo daga islamiyya take zama, da daddare ma da fitilar waya. Gobe zan karanta mata saƙon ta ji daɗi

Sista Nas: Ku yi haƙuri na shigo a makare ina dutin dare. Ni tambayata bambancinta da complicated da complex, don mu a asibiti complication ba abin alheri ba ne ko kaɗan, in aka ce haihuwa ta zo da shi kowa hankalinsa tashi yake

Malamin Turanci: Sista sannu da aiki. Abin sha'awa biyun da kika kawo daga aikin hannu suka fito, shi ya sa na ji daɗin shigowar Baba. Complex tushenta plectere, kitsa abu ko tufka shi, kamar kitso ko igiya. Complicated tushenta plicare, ninkewa, abu an ninka shi an sake ninkawa har ba ka ganin cikinsa. Intricate kuma kun ji, nannaɗewa.

A amfani na yau, complex ba yabo ba zagi, abu ne mai sassa da yawa da suka dogara da juna, jikin ɗan Adam, tattalin arziki, har rukunin gidaje ko shaguna ana ce masa haka. Complicated ta fi karkata ga wahala, sau da yawa ma da ɗan ƙorafi a ciki, wato abin ya fi ƙarfin yadda ya kamata, cike fom ɗin da zai ci minti biyar ya ci kwana uku. Intricate ita idonta na kan ƙanƙanta da kyan haɗi. Akwai ta huɗu convoluted, wannan kam zagi ce tsantsa, murɗaɗɗen bayani, kwana-kwana, mutum ya zagaya da kai Zariya kafin ya kai ka Wudil.

Gwaji mai sauƙi, ki ɗora kalmar a kan mutum. Ana cewa mutum complicated ne, wato mai wuyar sha'ani, ana cewa complex ne, wato mai zurfin ciki da fuskoki da yawa. Amma ba kasafai za ki ji an ce mutum intricate ne ba, sai dai aikinsa ko shirinsa.

Sarkin Zolaya: Shi ya sa a Facebook masu rikicin soyayya suke sa it's complicated, ba wanda ya taɓa sa it's intricate

Sista Nas: Hhhh wannan karon ka faɗi gaskiya. Malam na gode na fahimta

Mai Gyaran Agogo: Sista ga wani abin dariya, a sana'armu complication abin alfahari ne. Duk wani abu da agogo ke yi bayan nuna awa da minti, kamar kwanan wata ko fuskar wata ko ƙararrawa, sunansa kenan a wajen masu ƙera agogo na Suwizalan, kuma yawansu ke sa agogo tsada. Taku ta kashe mutum tamu ta ƙara kuɗi

Ɗan Maraɗi: Assalamu alaikum 'yan uwa na Najeriya, muna biye da ku daga nan. Mu da muka yi lakwal da faransanci abin ya ban mamaki, don kalmar daga Latin take amma mu ba mu aiki da ita haka. Muna da intrigue, muna da inextricable ga abin da ba ya warwaruwa, intrication kuma sai wajen masu ilimin kimiyya. In za mu faɗi maganar Barista cewa muke les subtilités ko les méandres, na biyun asalinsa kwane-kwanen gulbi ne. Ga hular Hajiya kuwa finesse za mu ce. Kenan faransanci ma raba ta biyu ya yi kamar yadda kuka raba da Hausa, to kar wani ya ce Hausa ce ta gaza

'Yar Jami'a: To ni dai gsky har yanzu abin na damuna. Yare kamar Hausa a ce ba mu da kalma ɗaya tak sai mun yi jimla? Me zai hana masana su zauna su ƙirƙiro, ko mu faɗaɗa sarƙaƙiya ta ɗauki duka biyun tunda ita ma ta turancin haka ta yi, da ƙaya ta fara ta koma yabo. In mun yi ta amfani da ita a haka nan da shekara ashirin ba wanda zai ji wani iri

Mai Fassara: Ƙanwata ba a nan gizo ke saƙar ba. Waye ya ce dole kowace kalmar turanci sai ta samu kishiya guda a Hausa? Juya abin ki gani. Fassara min "kunya" da kalmar turanci ɗaya, wadda za ta ɗauki kunyar suruki da kunyar ɗan fari da kunyar wanda aka kama da sata. Fassara min "santi". Fassara min "kara", irin wadda ake yi wa baƙo. Bature sai ya yi layi biyu yana bayani kuma bai taɓa cewa turanci ya gaza ba. Mu ne kullum muke ganin namu ne da naƙasu

'Yar Jami'a: Santi kam na sallama hhh. Amma yaya a rubutun ilimi fa, ina rubuta project da Hausa ba zan iya sa "ta sha aiki" a babi na biyu ba, supabaiza zai zagaye min da jan biro

Mai Fassara: A nan sai ki ce "tsari mai zurfi" ko "ƙananan bayanai masu ɗaure da juna" ko ma sarƙaƙiyar in maganar wahala ake. Ban haramta ta ba fa, cewa na yi a duba wuri kafin a ajiye ta

Almajirin Zaure: Allah ya gafarta malamai, in an ba ni dama. Larabci ma biyu ya yi. Akwai ta'aƙid daga uƙda wato ƙulli, wannan ita ce mai wahalar, har a ilimin balaga aibi ce a ce magana tana da ta'aƙid. Sannan akwai daƙa'iƙ, jam'in daƙiƙa, abubuwa sirara masu laushi da sai mai zurfin karatu ke gani, wannan yabo ce, kuma ita ce daƙiƙar da muka ara muke faɗa a lokaci saboda ƙanƙantarta. To intricacies ɗin Barista a wajenmu daƙa'iƙ ne.

Misalin da ya fi zama min shi ne rabon gado. Mutum ya rasu ya bar mata ɗaya da 'ya'ya mata biyu da uwa da uba. Mata tumuni wato ɗaya cikin takwas, 'ya'ya su raba biyu cikin uku, uwa sudusi uba sudusi wato ɗaya cikin shida kowanne. In ka kasa dukiyar 24, mata 3, 'ya'ya 16, uwa 4, uba 4, ka tara ka ga 27, rabo ya fi dukiya yawa. Wanda bai yi karatu ba sai ya ce lissafi ya rikice. Malamai kuwa sun san hanya, sai a yi auli, a mayar da asalin 27 kowa ya ɗan ragu daidai gwargwado, tumunin matar ya koma ɗaya cikin tara. Ita ce mas'alar da ake kira Minbariyya saboda an ruwaito an yi wa Sayyidina Ali tambayar yana kan mumbari ya amsa nan take. To wannan ba za ka ce mata rikici ba, don ba abin da ya rikice, kai ne dai ba ka iso ba.

Barista: Malam wannan misalin ya fi nawa, zan ara

Malamin Turanci: Madalla da Almajirin Zaure. Ni abin da nake ba ɗalibaina misali da shi tun ina aji shi ne Kasuwar Kurmi da lungunan cikin birni. Kasuwar nan tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take, ƙarni na 15. Ka kai baƙo ka sake shi, minti goma ya ɓace, zai rantse ba tsari a wurin. Yaron da aka haifa a Jakara kuwa ya san layin 'yan turare ya san na dukawa ya san na masu tasbaha da littattafai, ido rufe zai kai ka. Lungun bai canza ba, mai tafiyar ne ya bambanta. Bature mai yawon buɗe ido in ya rubuta an intricate network of alleys, yana amsa cewa shi ya ɓace amma ya yarda akwai waɗanda ba sa ɓata. Da ya ga shirme ne chaotic zai rubuta.

Ɗan Kwari: Malam mu Kwari wanne za a ce mana

Sarkin Zolaya: Ku kam na biyun, musamman ana saura kwana uku sallah

Ɗan Kwari: Za ka zo neman shadda bashi ai, ina jiranka

Injiniya: Tunda an zo gini bari in sa baki kaɗan. Duk wanda yake son ganin kalmar nan da idonsa ya duba hotunan rufin tsohon masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wajen shekarun 1830. Bakan gizo ne na ƙasa da azara, wannan ya tashi ya haɗu da wancan ya riƙe wancan, ba siminti ba rodi. An yi kwafinsa a gidan tarihi na Jos. Turawan da ke rubutu kan ginin Hausa wannan kalmar ba ta barin bakinsu, haka in suna maganar zanen bangon gidaje da dagin Arewa. Dagi ma ai shi ne ma'anar a taƙaice, layi ne yake shiga yana fita, kowanne ka bi da yatsa zai dawo da kai inda ka fara

Baba Tela: Yaro ka faɗi daidai. Dagi in ka kuskure hawa ɗaya, wanda ya kamata ya bi ta sama ya bi ta ƙasa, duk sai an farke. Maigidana da ya koya min aiki da bakin almakashi yake nuna wurin ba ya ko magana, ka farke kawai

'Yar Jami'a: Malam tambaya ta ƙarshe dan Allah, yadda ake furtawa. Ni in-TIRI-kesi nake cewa, wata a ajinmu ta yi min dariya

Malamin Turanci: Ta yi rashin kirki amma tana da gaskiya. Nauyin a gaɓar farko yake, IN, sauran a sassauta su, IN-tri-ka-si. Haka ma intricate, IN-tri-kit, ƙarshen gajere ne, kar ki ja shi kamar kina cewa get ɗin gida. Da yawanmu nan ƙasar a tsakiya muke dannawa, har manyan masu jawabi, za a gane ki dai amma in jarrabawar baka ce za a kama ki. Sannan a kula da rubutu, c ce kafin y, ba s ba, na sha jan biro a kan wannan. Kuma kar a haɗa ta da intrinsic, wannan daban ce, abin da yake a jinin abu.

Wani kuskuren da nake gani a takardun neman aiki, yaro ya rubuta yana da intricate knowledge na kwamfuta. Abin da yake so ya ce intimate knowledge ko detailed knowledge, wato ya san abin ciki da bai. Abin da aka sani ne yake intricate, ba sanin ba. Turawan ma kansu suna wannan tuntuɓen.

Sarkin Zolaya: Kun gani ko! Ashe intimacy ɗina na ɗazu 'yan gida ɗaya ne, a ba ni haƙuri

Malamin Turanci: Ba gidansu ɗaya ba, maƙwabta ne kawai a ƙamus. Zauna.

Mai Fassara: Malam ka tuna min, akwai kuma masu cusa ta inda ba ta da aiki don a ce sun iya. Na taɓa karɓar wata takarda daga wani ofis in fassara, sanarwar canjin lokacin buɗe ƙofa ce kawai fa, amma an rubuta wai saboda intricacies na halin da ake ciki. Na kira wanda ya rubuta na ce wane lungu da saƙo ne a cikin buɗe ƙofa ƙarfe tara maimakon takwas? Ya ce shi dai ya ga ta yi daɗi a baki. Na rubuta "saboda wasu dalilai" na wuce, kuma ba abin da ya ragu

Barista: Wannan ciwon namu ne mu lauyoyi, ba sai an faɗa ba

Anti Mai Hula: Jama'a to yanzu me zan mayar masa? Na goge ban haƙurin. Ina so in nuna masa na gane kuma in gaya masa hannu ne ba inji ba

Malamin Turanci: Gajere ya isa Hajiya. Ki gode masa, ki ce kowace hula da hannu aka ɗinka ta da allura kuma tana cin makonni, sannan in kina da hoton yarinyar tana aikin, hannunta kawai da zaren ba fuska ba, ki tura masa. Kar ki yi ƙoƙarin mayar masa da babban turanci, naki mai sauƙin ya fi.

Ɗan Kwari: Kuma ki ɗauki kalmar ki sa a tallanki na Instagram, intricate hand embroidery, masu sayen waje ita suke nema. Shawara kyauta, kamasho hula ɗaya

Anti Mai Hula: Na tura. Har ya gani ya amsa wlh, wai abokansa biyu da suka gani a bikin suna so, yana tambaya ko akwai mai ruwan toka da kuma yadda ake auna kai

Baba Tela: Ki ce ya zagaya tef a saman kunne daidai inda hular ke zama, kar ya matse, ya faɗa miki inci nawa. In ya ce 23 ki ba shi da ɗan sarari

Sista Nas: Anti mai ruwan tokar nawa take, maigidana na so

Admin: Ciniki a koma inbox dan Allah, dokar gida ba talla sai ranar Juma'a

Sarkin Zolaya: Admin ai yanzu sha biyu ta wuce, duba agogonka, Juma'ar ce